Minti Biyu na Dariyar Baba Idirisa

Na Allah muke, kuma wurinSa za mu koma. Ranar Laraba, 11 ga watan Yuni 2025, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Baba Idirisa Tanko a gidansa da ke Sabon Gari, nan Maraɗi. Shekara goma sha takwas shi ke duba shirye-shirye a ƙaramin gidan talabijin ɗinmu, ba abin da ke fita sai ya bi ta gabansa.

Baba, ranar sadakar uku darakta ya ce in haɗa shirin tunawa da kai. Na bincike ma'ajiya kaf, ba ka ciki, don ba ka taɓa yarda a ɗauke ka ba. Sai wasu minti biyu da na ɗauka a ɓoye da wayata, kana dariya har hularka ta faɗi. Kowa ya ce in sa.

Ka sha fama da mu. Tallar maganin da aka ce yana warkar da komai, ka hana. Fim mai duka da jini, ka ce sai an sa alamar shekaru. Muna kiranka mai taurin kai, kana jinmu, kana shan shayinka.

Ni na fi kowa yi maka tsiwa. Shekarar da na ɗauko wasan bori a wani ƙauye kusa da Tsibiri, ka tsayar da hoton a kan fuskar wata tsohuwa, Tasalla.

"Ɗiyata, kin tambaye ta?"

Na ce dokar neman izini ba ta kai ƙauye ba. Washegari ka tisa ni gaba muka koma. Tasalla ta ce ba ta yarda ba, ɗanta na limanci a Jiratawa, ba ta so a yi masa gori. Muka cire ta. Na yi kwana uku ban gaishe ka ba, kai kuwa kullum sai ka tambayi lafiyar mahaifiyata.

Jiya na zauna a kujerarka, na yi ta maimaita dariyar nan ina kuka. Ina so duk Maraɗi ta gan ka haka. Amma ban tambaye ka ba, Baba, kuma yanzu ba ƙauyen da zan je in same ka. Shirin ya fita da sunanka kawai. Hoton na kai wa matarka, Inna Yalwa.

Allah Ya jiƙan ka, Ya haskaka kabarinka. Inna Yalwa da 'ya'yan Baba, Zakariya'u da ƙannensa, Allah Ya ba ku haƙurin rashi. Ya Allah, shekara goma sha takwas yana rufa wa bayinKa asiri, Ka rufa masa nasa.