Watannin da Ban Yi Fashin Salla Ba

Umma ce ta fara lura, ba ni ba. Muna alwala a bakin rariya, ba tare da ta dube ni ba ta ce, "Ke wai yaushe rabonki da fashin salla?" Buta ta kusa suɓuce mini. Na lissafa a zuci, na ga tun kafin azumi ne, ga shi har an ci naman layya. Na ce mata ban riƙe ba. Ta ce, "Ni na riƙe."

Lokacin ina aiki a wani kamfanin biskit a Sharada, ɓangaren jera kaya a kwali. Budurwa ce ni, siririya tun fil azal, irin wadda ko me ta ci ba ya nunawa. Matan layinmu na wurin aiki ba su raga mini ba. Wannan ta ce sillen kara, waccan ta ce kada a kunna fanka kusa da ni. Ina da baki, ina ramawa, amma in na koma gida sai in tsaya gaban madubi ina jin haushin ƙashin wuyana. Ɗaya daga cikinsu, mai yawo da kayan mata a jaka, ita ta kawo mini ƙwayar nan da ake kira sha-ka-fashe, a ƙulle cikin leda, ba kwali ba suna.

Ta yi aiki, wannan ba zan musa ba. Yunwa ta buɗe mini, ni kuma abin da nake zuba mata fasassun biskit ne da lemon kwalba. Kumatu suka fito, ciki ya turo, aka fara cewa yanzu na zama mace. Ƙafafuna kuwa suna nan sirara, har sun fi da rauni, hawa bene da kwali ya zama jidali. Ban damu ba, tunda an daina yi mini dariya.

Umma ba ta ga kyau ba, ciki ta gani. 'Ya ba aure, jini ya ɗauke, kullum tana fita aiki cikin maza. Ta shiga tambayata wane mai adaidaita ne yake sauke ni, me ya sa ranar Laraba na yi yamma. In na sunkuya shara, ina jin idonta a bayana. Rannan na gaji na ce, "Umma, in zargina kuke yi ku fito fili ku faɗa."

"Ni ban ce komai ba," in ji ta. "Jikinki ne yake magana. Gobe sai asibiti."

Washegari muka tafi asibitin. Na san ban yi komai ba, amma da aka karɓi fitsarina aka shige da shi, sai na shiga tambayar kaina. Idan na'urarsu ta yi kuskure, wa zai yarda da ni? Idan kuma ba ta yi ba, to mene ne a cikin nawa?

Likitar mace ce. Ta duba sakamako ta ce babu ciki. Umma ta sauke numfashin da har na ji shi a wuyana. Likita ta ƙura wa fuskata ido ta ce, "Me kike sha?" Na fito da ledar. Ranta ya ɓaci. Ta ce wannan ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Akwai sinadaran da ke tafiyar da al'adar mace, ƙwayar ta dagula su, ga jinina ya hau. Ta gargaɗe ni kada in yanke ta rana ɗaya, su za su rage mini a hankali. Da ta ji abin da nake ci a wurin aiki, sai ta girgiza kai.

"Wake, ƙwai, zogale, gyaɗa, kifi in an samu. Ki ci don jikinki ya yi aikinsa. Siffa kuwa ki bar wa Allah."

Na ce, "Likita, zan haihu kuwa wata rana?"

Ta ce, "Mu fara ganin al'ada ta dawo tukuna."

Wannan amsar ta fi zargin Umma tsorata ni.

Daga ranar kullum da kwanona nake fita: wake da shinkafa, kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli, wani lokaci dambu da dafaffen ƙwai. Kumburi ya fara sacewa, ƙashin wuya ya dawo wurinsa. Matan layi suka samu sabon abin yi. Ita mai jakar da kanta ta ce a gaban kowa, "Cikin nan fa ina ya tafi? Ko an je an zubar ne?" Na ajiye kwali na yi kanta, sai da mata biyu suka riƙe ni. Saura kaɗan a kore ni. Na koma na zauna na cinye wakena hawaye na zuba, don likita ta ce kada in ƙetare cin rana.

Wata ya kama, ya ƙare, shiru. Wani ya sake kamawa. Duk ciwon baya sai in ruga banɗaki in dawo jiki a sanyaye.

Wata safiya ana tsakiyar aiki, injina na ruri, marata ta ƙulle. Ban ma sa rai ba. Da na shiga banɗaki na ga jini, sai na jingina da ƙofar.

Da yamma na tarar da Umma tana tsince wake a faifai. Na durƙusa na faɗa mata. Ta yi hamdala, ta ci gaba da tsinta, sannan ta ce, "Na daɗe ina kallonki da abin da ba ki yi ba. Ki yafe mini."

Ban taɓa jin Umma ta roƙi wani cikinmu gafara ba. Na ce na yafe, kuma da gaske nake. Amma har yau, in ta ɗan jima tana dubana, sai in ji na gyara hijabi na rufe cikina.