Ranar da Ƙwallonmu Ya Tsallake Layin Dogo

Ƙwallo ɗaya gare mu, mu mata goma sha shida, kuma a ɗakina yake kwana. A Kafanchan ne, farkon shekarun saba'in, ba a daɗe da gama yaƙi ba. Maigidana yana aiki a loko, inda ake gyaran injin jirgin ƙasa, muna zaune a kwatas ɗin reluwe da yara uku: babban yana aji ɗaya, ta tsakiya ta ɗan haura shekara uku, ƙaramin yana baya.

Wasan wata baturiya ce ta koya mana a makarantar 'yan mata ta mishan. Ita tana ce masa sofbol, mu muka sa masa ƙwallon sanda. A jefo miki ƙwallo, ki make shi da sanda, ki zuba a guje ki zagaya gidaje huɗu. Gidajen nan tsofaffin buhunan gishiri ne muka cika da yashi. Muddin ƙafarki na kan buhu ba mai taɓa ki, amma kika ɗaga ta aka dangwale ki da ƙwallo, an fitar da ke. Da baturiyar za ta koma ƙasarsu sai ta bar mini ƙwallon da sandar, don ni na fi kowa naci. Da su na zo gidan miji a cikin akwati. Da na tarar da wasu 'yan makarantarmu a zumuntar mata ta cocinmu, sai muka tayar da wasan, kowace Asabar da la'asar, a filin firamare da ke bayan kwatas.

Ƙwallon nan ya sha ɗinki har baduku ya fara ɓuya in ya hango ni. An duba mana irinsa a Jos, babu. Don haka na sa shi a cikin kwano mai murfi, na ɗora a saman kabad, na kafa doka. Ni mai zafin kai ce, ba na ɓoyewa. Ranar da babban ɗana ya taka kujera ya sauko da shi don ya nuna wa abokansa, na zane shi da tsintsiya har maƙwabciya ta leƙo. Ina dukansa ina cewa, "In ƙwallon nan ya ɓata, babu wani a duk Kafanchan. Ka ji ko ba ka ji ba?" Ƙanwarsa tana tsaye a bakin ƙofa da yatsa a baki, tana kallo. Kalmar nan kuwa na maimaita ta a gidan ya fi a ƙirga.

Yarinyar sunan uwar mijina aka sa mata, shi ya sa ba na kiran sunan, sai dai in ce mata Uwata. Taurin kai kuwa, ba a nesa ta ɗauko shi ba. Ki ce zo, ta tafi. Ki ce ajiye, ta ƙara damƙewa. Wuri ɗaya kawai take jin magana, shi ne a wasa. Da yamma yaran kwatas sukan kwaikwaye mu a tsakar gida da muciya da ƙwallon tsumma, faifai ya zama gida. In aka ɗora ta a kan faifai aka ce, "Tsaya a gidanki," to ta kafe ke nan, ko kunu aka miƙa mata ba za ta sauka ba sai an ce, "Gudu." Mukan yi ta dariya, ubanta yana cewa da ma a ɗinka mata faifai a ƙafa mu huta.

A ƙarshen daminar wannan shekara uwar mijina ta zo daga ƙauye don a duba mata ƙafa a asibiti, ta zauna da mu. Tun ranar farko wasan bai kwanta mata ba. Da yarenmu take magana kullum, amma in tana so maƙwabta su ji, sai ta juya Hausa, irin tata da ba ta raba mace da namiji.

"Mace mai goyo yana gudu a fili kamar akuya," ta ce ranar Asabar ta farko, ina ɗaura ɗankwali. "Yara fa, wa zai duba?"

Na ce, "Mama, muna da tsari."

Tsarin kuwa shi ne, muna tara yaran a gindin mangwaron da ke gefen fili. Ɓangaren da ke jiran bugu su ne masu reno, in aka sauya, waɗanda suka shigo daga fili su karɓa. Agogo ma muna da shi. Wajen ƙarfe biyar jirgin kaya yakan yi kuka daga kwana kafin ya shigo tasha, da mun ji sai a ajiye sanda, kowa ta nufi murhu. Layin dogon yana can ƙarshen fili, bayan ciyawa da wani ɗan gangare. Ƙwallonmu bai taɓa kaiwa can ba, don haka ba mu taɓa ɗaukarsa a bakin komai ba.

Ta ce, "Tsari." Ta kawar da kai, ta ci gaba da tsinke gauta.

Asabar ta uku ta ce za ta bi mu. Na san ba sha'awa ce ta kawo ta ba, laifi ta zo nema, kuma raina ya ɓaci tun daga gida. Ta dogara sandarta muka tafi a hankali, aka fito mata da benci daga aji, ta zauna nesa kaɗan da mangwaron. Duk motsin da na yi ina jin idonta a bayana.

An yi nisa a wasa, ana binmu biyu, mutanenmu biyu suna kan buhu, sai layi ya zo kaina. Na kwance ƙaramin na miƙa wa wata. Matar fasto ce ke jifa, kuma bakinta ba ya shiru.

"Ki yi a hankali, uwar miji na kallo," ta ce. "Kada ki faɗi zani ya tashi."

Na farko na kai duka na sami iska. Aka yi dariya. Na biyu na haɗa haushin matar fasto da na mai benci na sauke a kan ƙwallon. Ban taɓa jin ƙara irin wannan daga sandar ba. Ya tashi sama, ya wuce kan mai tsaron can baya, ya wuce ƙarshen fili, ya faɗa wani wuri bayan ciyawa. Na zagaya gidajen nan huɗu ina jin guɗa, kuma gaskiya na ji daɗi har cikin ƙashina. Masu reno duk sun taso daga gindin mangwaro suna tsalle.

Murnar ba ta daɗe ba, domin wadda ta bi ƙwallon ta dawo hannu wofi. Na ce kowa ta shiga ciyawa. Kowa kuwa ta shiga, 'yan fili da masu reno, har da mai riƙe da ƙaramin ɗana, har da manyan yara. Ciyawar ƙarshen damina ce, ta kai mana ƙirji. Muka sunkuya muna buɗawa da hannu, muna lalube da ƙafa. Mu goma sha shida, kowace uwa ce, babu wadda ta ɗaga kai ta ƙirga yaran da aka bari a inuwa.

Na ji uwar mijina tana kirana da yarenmu. Sau uku na ji. Na ce a raina, ga shi nan ta samu abin da ta zo nema, bari ta gama. Na ƙara sunkuyawa, na yi kamar ban ji ba. Wannan shi ne abin da har yau ban yafe wa kaina ba.

Sai ta juya Hausa, da muryar da ban san tana da ita ba.

"Takwarana ba ya nan. Ya shiga ciyawa ta can, tun ɗazu."

Na miƙe. Tana tsaye a tsakiyar fili, ta baro bencin, ta jawo ƙafar nan mai ciwo har can, tana nuna gangaren da sandarta. Mu duk mun yi hagu muna nema, ita tana nuna dama. Kafin in buɗe baki jirgin ƙarfe biyar ya yi kuka daga kwana.

Ban san lokacin da na keta ciyawar ba. Zanina ya kama a ƙaya na fizge shi. Abin da ke yawo a kaina maganar maigidana ce, da ya taɓa cewa jirgin kaya in ya ɗauko nauyi, ko direba ya taka birki sai ya yi tafiyar daga gidanmu zuwa kasuwa kafin ya tsaya. Na fito bakin gangaren na hango ta. Ta riga ta tsallake layin. Tana can ɗaya gefen, taku biyar ko shida daga ƙarfen, da ƙwallon rungume a ƙirji. Da ƙananan idanunta ta ga inda ya faɗa, mu manya ba mu gani ba.

Ta gan ni, fuskarta ta washe, ta ɗaga ƙwallon sama, ta fara tahowa.

Na waiga hagu. Kan jirgin ya fito daga kwana, baƙi ƙirin, hayaƙi na tashi. Tsakanina da ita akwai gangare da kwata da tsakuwar layi, kuma na san ƙafata, na san ba zan kai ba. In na ruga, za ta rugo. In na ce koma, na san 'yata, gaba za ta yi. In na yi kururuwa, tsoro zai turo ta wurina, domin ni ce inda take gudu in ta tsorata.

Kusa da ƙafarta akwai wani guntun katakon layi da ma'aikata suka cire suka yar. Na tafa hannu kamar yadda muke yi a fili, na yi ƙoƙarin sa dariya a muryata.

"Uwata, ga gidanki nan. Hau katako. Tsaya a gidanki."

Ta tsaya. Ta kalli katakon, ta kalle ni.

"Maza, za a fitar da ke. Tsaya a gidanki, sai na ce gudu."

Ta ɗora ƙafa ɗaya, ta ɗora ta biyu, ta haɗe su, ta ɗaure fuska irin yadda take yi a kan faifai. Sai jirgin ya shiga tsakaninmu.

Na durƙusa a kan tsakuwa na leƙa ta ƙarƙashi. Tsakanin ƙafafun jirgi ina hango ƙafafunta biyu, su ɓace, su bayyana, su ɓace. Taragon shanu, taragon buhuna, taragon gawayi. Ƙasa na rawa a gwiwata. Ina ta faɗin, "Tsaya a gidanki," alhali ko ni ba na jin muryata. Na yi addu'a da Hausa, na yi da yarenmu, na rasa kalma na koma kiran Yesu kawai. Na sha ganin jirgin nan yana wucewa ina tuƙa tuwo, ban taɓa sanin yana da tsawo haka ba.

Taragon ƙarshe ya wuce. Tana nan a kan katakon, toka ta bi gashinta, hawaye sun yi layi biyu a kumatunta, amma ƙafar ba ta gusa ba. Ta jira ƙarar ta yi nisa, sannan ta ce, "Mama, in gudu?"

Da rarrafe na haye layin. Na kama ta, ina taɓa kai, ina taɓa hannu, kamar mai duba tulun da ya faɗi. Ita kuwa sai tura mini ƙwallon take yi a ƙirji.

"Bai ɓata ba," ta ce. "Na kawo. Kada ki daki kowa."

Matan sun iso bakin gangaren. Matar fasto ta kwance mayafinta ta rufa mini, don zanina ya yage har cinya. Muka dawo fili na tarar da uwar mijina zaune a ƙasa, ƙafar ta ƙi ɗaukarta. Na tsaya a gabanta ina jira, domin duk abin da za ta faɗa na cancanta, kuma da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Ba ta ko kalle ni ba. Ta miƙa hannu ta karɓi takwararta, ta zaunar da ita a cinya, ta dinga share mata toka da bakin zani.

A gida na dafa tuwon acca, ya yi gudaji, ba wanda ya yi ƙorafi. Na gaya wa maigidana komai da bakina kafin ya ji a loko, ya daɗe yana kallon yarinyar. Da na tashi zan kwashe kwanuka, sai na ga Uwata ta jawo kujera gindin kabad, ta hau, tana miƙa hannu da ƙwallon don ta mayar da shi cikin kwanonsa, tsawonta bai kai ba.

Uwar mijina ta dube ni a karo na farko tun daga fili. Da yarenmu ta yi maganar, a hankali, ba don maƙwabta ba.

"Kin gaya musu babu wani ƙwallo a Kafanchan, sun ji. Ita fa, kin taɓa gaya mata babu wata kamarta?"

Na sauko da yarinyar daga kujera. Na karɓi ƙwallon na ajiye shi a ƙasa, ya gangara ƙarƙashin gado, ban bi shi ba.