Dattijuwa a Ajin Ceton Rai

Ran haɗarin motarmu ban iya taimakon kowa ba. Digirina bai koya mini ceton rai ba, shi ya sa na shiga ajin taimakon gaggawa na manya.

A gabana wata dattijuwa ce durƙushe kan mutum-mutumin roba. Yatsunta duk tabon allura, wataƙila tela ce. Tana danna ƙirjin a hankali, kamar mai lallashin jariri.

"Mama, da ƙarfi," in ji malamin. "Wannan ai tausa ce. Ko haƙarƙari ya karye, ki ci gaba."

"Ƙashinsa ba ƙwari, ɗana."

"Roba ce fa, Mama."

Ban san wa take gani ba, ko miji ko jika. Malamin ya ce lokaci ya yi, kowa ya miƙe. Ita kuwa sai ta cire mayafinta, ta rufe masa fuska.