Fayilolin da Aka Bari a Buɗe

Har yau ban manta da Larabar da shafin ɗakin gwajin jini ya tsaya mana ba. Lokacin ina ƙaramar ma'aikaciya a wani kamfani a Daura, mai ajiye wa mutane shafukan intanet a babbar kwamfutar da muke kira saba. Ta wannan shafin asibitocin ƙauye ke duba sakamakon jinin da suka aiko gari.

Da hantsi Malama Hadiza, ungozoma a asibitin garin Babban Mutum, ta kira ni.

"Ƙanwata, ina da mai naƙuda, duk ta yi fari fat. Sai na ga sakamakonta zan san ko Daura za mu taho. Shafin ya ƙi buɗewa."

Na duba, saba ta ce fayilolin da ke buɗe sun yi yawa. Kowace manhaja tana da iyakar fayilolin da aka yarje mata ta riƙe lokaci guda. In ta cika, ko ɗaya ba ta ƙara buɗewa. Na kashe manhajar shafin na kunna. Kafin Malama ta shiga, shafin ya sake tsayawa. Na kira ɗakin gwajin su karanto mini sakamakon, ashe su ma a shafin suke ajiye komai. Na tashi, na zauna, na sake tashi.

Shugaban sashenmu, Injiniya Sabi'u, ya ce, "Ɗaga iyakar, Rabi."

Na ɗaga. Malama ta ga sakamakon, jinin matar ya yi ƙasa, ta ce ga su nan tafe Daura a mota.

"Shi ke nan," in ji Injiniya.

"Yallaɓai, har yanzu fayilolin ƙaruwa suke."

Ya jawo kujera muka bi su ɗaya bayan ɗaya, ko abinci ba mu waiwaya ba. Kusan duka daga garuruwan bakin iyaka suke. A can waya kan tsallaka layin Nijar ta dawo, sai sabis ya yanke ana tsakiyar sauke sakamako. Manhajar kuwa ba ta rufe fayil sai an gama saukewa. Muka gyara ta riƙa rufewa ko an yanke.

Bayan la'asar Malama ta kira, an yi wa matar ƙarin jini, ta sauka lafiya.

Shi ya sa nake gaya muku, ku sababbin ma'aikata, ɗaga iyaka lokaci kawai yake ba ku. Ku ɗaga saboda wanda ke jira, amma kada ku bar kujerar sai kun gano abin da ke buɗewa ba ya rufewa.