Baba Gado da Jantin Ranar Suna

Duk wanda ya zauna Filinge ya san kukan Baba Gado kafin ya ga kekensa: "Ku kauce! Ku kauce, ba ni tsayawa!" Ba wai ba shi da birki ba ne. Yana da shi, sabo ful, rowarsa yake yi. In ka tambaye shi sai ya ce, "Birki ka cin janti. Ƙarhe ma shina da haƙƙi." Janti kuwa shi ne gargaren ƙarfen da taya ke zama a kai, kuma a wurin Baba ya fi ɗan Adam saurin jin ciwo. In ya iso gida, darnin karan Inna Hajo, matarsa, shi ne birkinsa. Rututu! Sai ka ji Inna daga madafa: "Malam ya dawo, a ɗauko kara!"

In ya tarar da yashi kuma, sauka yake ya saɓa keken a kafaɗa. Wani mai amalanke ya taɓa ce masa, "Baba, wa ka hawan wani?" Ya ce, "Yau ranata ce, gobe tashi."

Duk da lallashin nan, jantin baya ya tsufa ya tsage, kuma bai tashi tsagewa ba sai jajibirin sunan ɗana na fari. Ina gida ina wankan jego, maigidana yana ci-rani, ragon suna kuwa yana wani ƙauye kan hanyar Damana. Baba, ƙanen mahaifina, ya riga ya rantse ragon nan a kekensa zai zo ko kada ya zo. Aka ce ya kai keken wurin mai gyara. Ya ce, "In kai ɗana wanzamin da ban sani ba?"

Sai ya baje a tsakar gida, tsakiyar mata masu aikin suna. Ya kifar da keken, ya ɗauko sabon jantin da ya sayo a Baleyara tun bara yana ajiye ƙarƙashin gado, ya ɗaura shi gefen tsohon da zare, yana mai da wayoyin tsohon jantin kan sabon ɗaya bayan ɗaya. 'Yan ƙananan notin da ke riƙe wayoyin kuwa, kowane bai fi ƙwayar wake ba, ya tara su cikin ƙwaryar da ya gani kusa da shi.

Ƙwaryar awon gero ce, jama'a!

Ya shiga yin sallar azahar. Kafin ya fito, Inna Hajo ta ɗebi gero da ita ta juye cikin babban masaki.

"Hajo! Ina notina?"

"Wane noti? Ni hatsi na gani."

"Innalillahi! A tsai da daka! Wadda ta ɗaga taɓarya ban yahe ba!"

Wayyo, ba za ku ga abin dariya ba! Mata duk aka zauna da faifai ana tsintar ƙarfe cikin gero, Baba yana zagayawa kamar mai gadin jarrabawar 'yan makaranta a lakwal. Ni kuwa ina ɗaki, dariya na cina, hawaye na zuba, don in babu keke babu rago, kuma dangin mijina suna hanya. Aka samo duka ban da ɗaya. Ya ɗaure wayar da ta rage da zaren kaba, ya ce, "Ɗiyata, share hawaye. Ko ni aka yanka, sunan ga za a yi shi."

Washegari da hantsi, liman ya zauna, mutane sun fara kallon ƙofa, sai ga su: rago a ɗaure bisa keke kamar ango, Baba a ƙasa yana turawa, jiƙe sharkaf. Wai nauyin mutum biyu zai lanƙwasa sabon janti.

Aka yanka, aka raɗa suna, aka raba gumba. Liman ya kai loma, sai muka ji ƙaras! Ya dafe kunci. Baba ya miƙa tafin hannu a natse: "Malam, kak ka haɗe. Nawa na."

Yau keken yana jingine a zaure, birkinsa har yanzu sabo. Ɗan nan da aka yi wa suna shi ke share masa ƙura, kuma ba ya yarda kowa ya matsa birkin.

Allah ya jiƙan Baba Gado, ya yafe masa kurakuransa. Tafiyar da ya yi a ƙasa saboda ni, Allah ya sa ya same ta a mizani. Ya daɗe yana cewa ba ya tsayawa. Ya Rabbi, ka sa inda ya tsaya yanzu dausayin Aljanna ne. Amin.