Babban Yatsan Baba Sufana

Ranar nan da yayyafi aka tashi, irin wanda mutum ke rainawa har ya jiƙa shi sharkaf. Kwanon rufin masana'antar sabulu yana ɗiga wuri uku, an jera bokitai kamar kullum.

Shekara talatin da ɗaya Baba Sufana ya yi yana ɗaure murfin tukunyar tururi a wurin. Bai yi boko ba, bai kuma taɓa riƙe ma'auni ba. Da hannu yake auna kaurin noti: ƙaramin yatsa na bututu, na tsakiya na famfo, babban yatsa kuwa na murfin tukunya. Murfinsa bai taɓa yoyo ba, shi ya sa ba a sayen noti sai ya jera shi da yatsa ya gyaɗa kai. Da wannan yake tinƙaho, ba shi da wani.

A makon ne za a canza notin murfin, ga kuma sabuwar injiniya an ɗauka, sa'ar autarsa. Baba ya zaɓo guda goma sha shida. Ta jujjuya ɗaya, ta ce, "Baba, waɗannan fa sun yi siriri."

"'Yata, tun kina zanen goyo nake wannan aiki."

Ta zauna kan durom ta yi masa lissafi a bayan kwali: ga ƙarfin da tururi ke tura murfi da shi, a raba goma sha shida, kowane noti ya ɗauki kasonsa. Ta ce kuma ba a saman zaren noti ake awo ba, a cikin kwarinsa ne, inda ƙarfen ya fi siriri.

Ya ce, "Kwalinki ya faɗi nasa, yatsana ma ya faɗi nasa."

Manaja ya raba gardama: a gwada da ruwan sanyi. In murfi ya riƙe, Baba ya ci gaba da zaɓen noti. In ya yi yoyo, zaɓe ya koma ofishin injiniya.

Baba ya ɗaure, ya tsaya gaban tukunya, hannu a ƙugu. Aka fara tura ruwa ciki, allurar awo tana hawa. Kafin ta kai jan layi notin suka miƙe, ruwa ya fetso ta leɓen murfin, ya tuɓe masa hula ya kai ta bakin ƙofa.

Mai walda ya ɗaga gilashinsa ya ce, "Baba, yau ruwan saman ta gefe yake zuwa?"

Baba yatsansa kawai yake kallo, kamar abokin da ya ci amanarsa.

Injiniya ta tono wani tsohon noti daga cikin tarkace, wanda shi da kansa ya zaɓa shekarun baya. "Baba, kawo hannunka." Ta jera su. Notin ya fi yatsan kauri, ko makaho ya shafa zai ji.

Sai a nan ya tuna. Bara likita ya hana shi maiƙo da zaƙi, matarsa kuma ta riƙe maganar kamar dokar soja. Ya san ya ƙara huda biyu a bel ɗinsa, amma bai san rama tana kaiwa har yatsa ba.

Ya matse hularsa ya ce, "To, ku shaida. Ni awona daidai ne, uwar 'ya'yana ce ta rage ma'aunin."

Zaɓen noti ya koma ofis. Ɗaurewa dai injiniya ta bar masa, ta ce ba wanda ya kai shi hannu a nan, ya kuma yi shekara huɗu a haka. Yanzu ya ajiye aiki, yana zaune a gidan babban ɗansa, yana gyara wa maƙwabta risho.