Rundunar Masu Gora

Ƙas, ƙas-ƙas. Ina tsintar shinkafa a faifai na jiyo ƙarar daga ɗakin ɗiyata ta fari, na ɗauka tsaka ce bayan akwati. Na leƙa da tsintsiya a hannu, ashe yatsanta ne ke danna linzamin kwamfuta. A allon kuwa wasu mitsi-mitsin mutane ke gwabzawa da dodanni.

Hutu ta zo daga makaranta. Ta ce wasan yaƙi ne na dabara, ita da abokan karatunta suna yi masa ƙari, kowa ya ƙirƙiro al'umma da rundunarta, wadda aka yarda da ita a saka ta ciki. Na tambaya ko da caca, ta ce babu. Na zauna bakin gado, wai in ɗan gani.

Tata rundunar mutanen ƙanƙara ne, ita da ba ta san ƙanƙara ba sai ta firji. Na yi dariya har na ƙware. Na ce ga kakanninta masunta a Argungu ta tsallake su. Ta juyo da kujera, ta ce to in faɗa, ta zana.

Tun daga nan bakina bai huta ba. Mayaƙa kwance bisa manyan goruna, homar kamun kifi a hannuwa, suna kwashe abokan gaba kamar tarwaɗa. Sarkin ruwa bisa giwan ruwa mai girman keke napep. Dorina ta fasa ganuwa. Mata masu kyafa kifi su turnuƙe maƙiya da hayaƙi. Boka dai na ce ban yarda ba, ko na wasa. Ina tuƙa tuwo ina ƙwala mata sabuwar dabara ta taga. Maigida ya dawo kasuwa ya ji ina cewa a sa wa dorina sulke, ya tsaya bakin ƙofa da albasa a hannu yana kallona.

Sai dai ba na iya ganin sun mutu. Duk wanda ya faɗi sai in ce a ƙara masa ƙarfi, ai mai iyali ne. Ita kuma ta biye mini. Da ta aika wa abokanta, suka ce rundunar ba ta ciwuwa, wasa ba zai yi daɗi ba. Ko a ba ta rauni, ko a cire ta.

Na yini ina jin haushin yaran da ban taɓa gani ba. Ni in raunana mutanena da bakina? Ina wanke-wanke na tuna farkon tarewata a Gwadangaji, yadda na rame ba ciwo ba komai, don kawai ba na jin ƙamshin gulbi. Na shiga da kumfa a hannu na ce, "Bar masu ƙarfinsu. Amma in sun yi nisa da ruwa, kewa ta kama su, jikinsu ya yi sanyi."

Ta gyara, muka gwada. A kan tudu aka yi musu kaca-kaca, na rufe fuska da mayafi. Da suka ja baya bakin gulbi kuwa, sai da na rangaɗa guɗa.

Bayan la'asar ta tsaya kusa da sallayata har na sallame.

"Inna, sun karɓa. Yanzu suna ta faɗa kan wa za ya ɗauki masunta. Wai kuma in tambaye ki, mi manoman albasa ka yaƙi da shi?"